ƘARAMIN YARO DA ƁACEWAR KAYA A GIDA

Jawabi ga taron iyaye da dattawan ikilisiya

 

GABATARWA

Batun da aka ba mu mu yi magana a kai yau, wani zai ji shi kamar abin dariya. Gaskiya kuwa akwai dariya a ciki. Da wuya a sami gidan da aka yi renon ɗan shekara biyu ba a taɓa tsintar cokali a cikin takalmi ba, ko makullin babur a cikin randa, ko hular maigida a akurkin kaji. Amma dattawan da ake kai wa ƙara sun sani ba kullum ake ƙarewa da dariya ba. A kan makulli guda, miji da mata sukan yi kwana uku ba mai yi wa wani magana. A kan naira dubu ɗaya akan mai da yarinyar da ake riƙo gidan iyayenta da sunan ɓarauniya, bayan mako biyu kuma a tsinci kuɗin a cikin buhun masara. Wani lokaci ma abin da ake ta nema a ƙarƙashin gado, yana cikin yaron ne ya haɗiye. Saboda haka muna roƙo mu ba wannan magana hankalinmu. Za mu bi ta kashi bakwai.

1. ME YA SA YARO KE YIN HAKA?

Yaron da muke magana a kansa shi ne mai shekara ɗaya zuwa uku. Kafin ya cika shekara, ya riga ya iya tsinto ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya. Daga nan sai tafiya ta zo. Hannu ya iya ɗauka, ƙafa ta iya kai wa, amma baki bai iya faɗin inda aka kai ba. Tushen matsalar ke nan.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya daɗe yana lura da 'ya'yansa uku tun suna jarirai. Ya nuna cewa jariri ɗan watanni kaɗan, in aka rufe abin wasansa da zane, ba ya neman sa. Sai wajen wata takwas zuwa shekara guda yake fara ɗaga zanen ya duba, domin ya gane abu yana nan ko da ido bai gan shi ba. Wannan sabon sani yana ba yaro sha'awa ƙwarai. Shi ya sa zai sa abu a kwano, ya fitar, ya sake sawa, sau ashirin bai gaji ba. Duk inda ya ga rami ko baki, tulu ne, takalmi ne, turmi ne, tsagar bango ce, sai ya gwada abin da zai shiga.

Abu na biyu shi ne kwaikwayo. Yaro yana ganin babansa ba ya fita sai da makulli, mamarsa ba ta rabuwa da waya, kakarsa tana ɗaure kuɗi a bakin zane. Ya lura waɗannan su ne kayan da manya ke ji da su. Shi ya sa za a sayo masa motar roba ya jefar, ya nufi makulli. Yana so ne ya yi abin da Baba ke yi.

Abu na uku, ɗan shekara biyu bai san "ɗazu" da "jiya" ba yadda mu muka san su, kalmominsa kuma ƙalilan ne. In ka ce masa, "Kai ka ɗauki makulli?" zai ce "I". In ka ce, "Ko Yaya ce ta ɗauka?" zai sake cewa "I". Yana amsawa ne bisa ga fuskarka da muryarka. Kada wani ya ɗauki wannan amsa ya kafa hujja da ita a kan kowa.

Mu riƙe wannan tun daga farko: yaro mai waɗannan shekaru bai san darajar kuɗi ba, bai san takardar fili ta fi takardar ƙunshin ƙosai ba. Ba sata yake yi ba, ba kuma mugunta ba ce. Koyo yake yi.

2. FARA DUBA YARON KAFIN KA DUBA ƊAKI

Idan abin da ya ɓace ƙarami ne wanda zai iya shiga baki, ko hanci, ko kunne, tambayar farko ita ce, yaron lafiya yake?

Mafi haɗari shi ne ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli, wanda ke cikin agogon hannu, da kalkuleta, da makullin mota mai rimot, da wasu kayan wasa masu walƙiya. In ya maƙale a maƙoshin yaro, yana iya ƙone naman wurin cikin awa biyu kacal, ko da yaron bai nuna wata alama da farko ba. In kun ga murfin a buɗe, batir babu, ku tafi asibiti nan take, ku faɗa wa likita abin da kuke zato domin a ɗauki hoto.

Sai magunguna. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata masu ciki a asibiti suna kama da alewa, kuma yaro yana iya mutuwa in ya sha da yawa. Haka maganin hawan jini da na ciwon sukari da iyayenmu tsofaffi ke ajiyewa a kan taga ko a ƙarƙashin matashi. In an ga ƙwayoyi sun ragu, a ɗauki yaron tare da kwalin maganin a tafi, kada a jira sai ya fara galabaita.

Kalanzir da maganin ƙwari da ake zubawa a kwalbar lemo sun cuci yara da yawa, domin yaro ya san wannan kwalba da abin daɗi. In yaro ya sha kalanzir, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara. Aman ne ke kai kalanzir cikin huhu, can ne kuwa yake yin ɓarna. A kai shi asibiti.

Ƙwayar wake, gyaɗa, masara, ko dutsen ado sukan shiga hanci ko kunne. Alamar da akan gani bayan kwanaki ita ce majina mai wari tana fita ta ƙofar hanci ɗaya kaɗai. Kada a sa tsinke ko ashana, domin tura abin ciki za a ƙara yi. Idan kuwa abu ya shaƙe yaro yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya yi maza ya nemo abin hawa.

Akwai kuma ruwa. Yaron da ya jefa makulli a bokiti zai leƙa ya ga inda ya shiga. Kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya kifa ciki ba ya iya fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu suna cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa. Rijiya da randa da duro su kasance da murfi mai nauyi, ruwan wanki kuma a zubar da zarar an gama.

3. YADDA AKE NEMA

In mun tabbata yaron lafiya yake, sai nema. Babba yakan nemi abu a inda babba zai ajiye shi: aljihu, kan tebur, cikin jaka. Shi ya sa muke shan wahala. Ku durƙusa har idonku ya yi daidai da idon yaron, ku dubi ɗakin daga nan. Duk abin da ke da baki, wanda hannunsa zai kai, ku leƙa: takalma, tukwane, buhun hatsi, turmi, bayan kujera, cikin murhun da ba wuta, ƙarƙashin tabarma, kwata.

Ku fara da wuraren da abu zai iya tafiya ba dawowa. A tsai da shara kada a kai bola, a duba ruwan wanke-wanke kafin a zubar, a duba kayan da za a jiƙa.

Sa'an nan a sa yaron a cikin neman, amma da wasa. Uwa ta ce, "Zo, ɗan albarka, ina makullin Baba ya ɓuya? Mu je mu nemo shi." Wata dabara da iyaye mata suka sani ita ce a ba shi wani makulli makamancin wancan, a yi kamar ba a kallonsa, a bi shi da ido. Sau da yawa inda ya kai na farko can zai kai na biyu, domin kusan kowane yaro yana da wurin ajiyarsa guda biyu ko uku. In kun gano su, kun huta rabin wahala. Tsawa kuwa ba ta fito da komai. Yaron da aka firgita kuka zai yi, ko abin da ya sani ma ya ɓace masa.

In waya ce aka tsamo daga ruwa, a kashe ta, a cire layi, a cire batir in mai ciruwa ne, a bar ta ta bushe a inuwa. Kada a sa ta a caji, kada a kai ta kusa da wuta. In kuwa ba a gan ta ba har yamma, ko katin ATM ne ya ɓace, a sanar da banki su rufe, domin yanzu layin waya a haɗe yake da asusun mutum. Gara a sha wahalar sake buɗewa da a yi kukan kuɗi.

4. ZATO DA ZARGI

'Yan'uwa, nan ne maganar ta fi nauyi. Abu yana ɓacewa, zuciya ba ta zuwa kan ɗan shekara biyu. Takan tafi kan wanda ba shi da mai tsaya masa: yarinyar riƙo, maraya, ɗan kishiya, 'yar aiki, maƙwabciyar da ta shigo aron ludayi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ranar da aka tsinci kuɗin a cikin takalmi, sunan da aka ɓata ba ya gyaruwa da "yi haƙuri" kaɗai. Yarinyar da aka kira ɓarauniya a gaban jama'a tana shekara goma, za ta tuna da ranar ko ta yi jikoki.

Doka ta tara cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:16, ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, zargin da ba hujja kuwa ƙanin shaidar zur ne. A Luka sura 15 Ubangijinmu ya ba da misalin mace mai tsabar azurfa goma da ɗaya ta ɓace mata. Ainihin koyarwar misalin a kan yadda Allah ke neman mai zunubi ne, amma mu lura da halin matar. Fitila ta kunna, tsintsiya ta ɗauka, ɗakinta ta share. Maƙwabta ba ta kira su ba sai da ta samu, kuma don murna ta kira su.

Muna kuma gargaɗi a kan zuwa wurin masu duba, ko da wane suna suke kiran kansu, ko da Littafi Mai Tsarki ne a hannunsu. Wanda aka biya don ya faɗi sunan ɓarawo, dole ya faɗi suna, kuma daga bakinka zai tsinci sunan da zai faɗa. Gidaje sun rabu ta wannan hanya a kan abin da ke kwance a gindin randa.

Tsakanin miji da mata ma haka ne. Maigida ya makara zuwa aiki, sai ya ce, "Maman yara, ke ba kya lura da yaron nan ne?" Ita kuma ta ce, "Maigida, ai kai ka ajiye a kan kujera." Kowa yana da gaskiyarsa, makulli kuwa bai fito ba. Matar da ke girki, tana wanki, ga goyo a baya, ba za ta iya bin kowane takun yaro ba. Wanda ya ajiye nama a gaban kura ba ya tuhumar mai gadi. Mu nemo abin tare tukuna, in hankali ya kwanta a zauna a shirya inda za a riƙa ajiya.

5. HORO

Wani zai ce, to, sai a zuba wa yaro ido ke nan? A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karya shi zai yi. Yaron da aka doka da yamma a kan abin da ya ɗauka da safe, bai san dalilin dukan ba. Abin da ya koya kawai shi ne Baba abin tsoro ne, gobe in ya ɗauki abu sai ya ƙara ɓoyewa. Manzo Bulus, a Afisawa 6:4, ya haɗa abu biyu ga ubanni: kada su tsokani 'ya'yansu, su kuma yi musu tarbiyya.

Muna roƙo musamman, kada kowa ya girgiza ƙaramin yaro cikin fushi. Wuyansa bai yi ƙwari ba, girgiza mai ƙarfi tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko makanta, ko mutuwa. In ka ji ranka ya ɓaci sosai, miƙa shi ga wani, ka fita waje ka sha iska.

Horon da ke aiki a wannan shekaru gajere ne, kuma nan take ake yin sa. Ka gan shi da waya, ka ce, "A'a, wannan ta Mama ce," ka karɓa, ka ba shi wani abu a madadinta. Za ka maimaita sau da yawa kafin ya zauna masa. A koya masa "kawo" da "mayar" kamar wasa, in ya kawo a ce, "Yauwa, Allah ya yi maka albarka." A haɗa masa tsofaffin makullai manya waɗanda ba za su shiga baki ba, da kwano da murfinsa, su zama nasa. Kuma manya su zama baki ɗaya. In Baba ya hana, Kaka ta miƙa masa don ya daina kuka, an koma gidan jiya. Wanda ya saba ba yaro waya ko makulli don ya yi shiru, shi ya koya masa cewa abin wasa ne.

6. RIGAKAFI YA FI MAGANI

Sauya wurin ajiya ya fi sauƙi a kan sauya halin ɗan shekara biyu. A buga ƙusa a bayan ƙofa, sama da kafaɗar babba, makulli ya riƙa kwana a nan kullum. A tuna kuma yaro yana jan kujera ya hau, don haka magani da guba wurinsu akwati ne mai kwaɗo. Makullin gida da na babur a yanko na biyu a ajiye wurin amintacce.

Takardu kuwa su sami gida ɗaya. A sami jaka ko akwatin ƙarfe, a sa su cikin leda saboda ruwa da gara: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardun makaranta, takardar aure, katin baftisma, takardar fili ko gona, takardar NIN, da katin zaɓe. Wanda ya taɓa rasa ɗaya daga cikinsu ya san zirga-zirgar: rahoto wurin 'yan sanda, takardar rantsuwa a kotu, kuɗin mota, da kwanakin aiki da za su tafi. A yi hoton kowace takarda, a ajiye kwafi a gidan wani ɗan'uwa, a kuma ɗauke ta a waya. Wannan jaka ɗaya za ta yi amfani ranar gobara, ko ambaliya, ko ranar da dole ta sa a bar gida da gaggawa.

Iyaye mata, katin rigakafi shi ya fi shan wahala, domin a jakar goyo yake zama, yaro kuwa yana son jakar. A katin nan ne ake rubuta allurar ranar haihuwa, da ta mako 6, da 10, da 14, da ta wata 9, da ta ƙyanda karo na biyu a wata 15. In ya ɓace ko ya yage, kada kunya ta hana ki komawa asibiti. Ki je ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, a duba rajista, a ci gaba daga inda aka tsaya.

7. A MAJAMI'A DA WURIN DATTAWA

Ranar Lahadi jakunkuna suna ƙasa, yara suna yawo tsakanin bencina. Ambulan ɗin zakka, tabarau, da makullin ofis sukan sauya wuri. Ma'aji da masu ƙirga baiko su kula, kuɗin ikilisiya da littafin lissafi kada su kwana a inda yaro zai kai hannu, domin in suka ɓace sunan mutum ne zai ɓaci. Yana da kyau kowace majami'a ta sami kwali ɗaya na kayan tsintuwa, a riƙa sanarwa bayan sujada.

Uwar da ɗanta ya yi ɓarna a majami'a, kada a bi ta da harara. Wasu mata sun daina zuwa sujada saboda wannan. Ɗa na kowa ne. Wadda ta gama nata renon ta miƙa hannu ta karɓi na ƙanwarta.

Iyayenmu dattawa, in aka kawo muku ƙarar ɓatan abu, ku fara da tambaya ɗaya: akwai ƙaramin yaro a gidan? Ku ba da kwanaki a sake nema kafin a ambaci sunan kowa. In kuma an riga an zargi wani, daga baya abin ya fito, ku tabbata an wanke shi a gaban mutanen da aka zarge shi a gabansu, ko da yaro ne, ko da 'yar aiki ce.

KAMMALAWA

Wannan lokaci na yaro ba ya daɗewa. Yana kai shekara huɗu zai iya faɗa muku inda ya kai abu, nan gaba kaɗan ma shi zai riƙa nemo wa Kaka tabaranta. Makulli ana yanka wani, takarda ana sake ta ko da wahala, amma ran yaro da sunan maƙwabci ba su da madadi. Don haka muna roƙon kowane gida, kafin Lahadi mai zuwa, a buga ƙusar makulli, a kulle magunguna, a fitar da kalanzir daga kwalbar lemo, a rufe rijiya, a tattara takardu wuri ɗaya. Wanda kuma ya san akwai wanda ya taɓa zarga a kan abin da daga baya ya fito, ya je ya same shi a wannan mako.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikimar reno, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya raya su.  Amin.